Ingancin ƙa'idoji da bunƙasar arzikin jahohi a ƙasashe masu sauya tsari: misalin Rasha, 1991-2022

1. Gabatarwa

Ranar 2 ga watan Janairu na shekarar 1992, mako guda bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, gwamnatin Rasha ta saki farashin mafi yawan kayayyaki, watau ta daina yanke wa masu sayarwa kuɗin da za su karɓa. A bisa takarda, jahohi 89 da tsarin mulkin 1993 ya lissafa duk sun tashi daga wuri guda: kuɗinsu ɗaya, rubul, dokar sayar da kamfanonin gwamnati ɗaya, kotun ƙoli ɗaya. Amma kafin a yi shekara goma sai ga wasu jahohi sun samu sababbin masana'antu da shaguna, wasu kuwa, har da masu tashar jirgin ruwa da ma'adinai, suna fama da rashin wuta da bashin albashi.

A cikin wannan rubutu za mu bayyana abin da masana tattalin arziki suka gano game da dalilin wannan bambanci. Ra'ayin da za mu kare shi ne, idan jahohi biyu suka yi kama da juna ta fuskar ƙasa da albarkatu, abin da ke raba su shi ne yadda ake aiki da doka a teburin ma'aikaci da gaban alƙali, kuma wannan inganci na jaha ba ya wuce iyakar da gwamnatin tarayya ta yi masa. Tun da aikinmu na yau da kullum nazarin harshe ne, za mu fara da gyara kalmomi, domin a Hausa kuskuren fassara yana iya karkatar da maganar tun daga tushe.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kalma ta farko ita ce ta Faransanci transition. A Nijar, duk wanda ya ji ta zai tuna da gwamnatin riƙon ƙwarya, irin wadda ta biyo bayan taron ƙasa na 1991. Riƙon ƙwarya kuwa riƙo ne na ɗan lokaci kafin mai abu ya zo ya karɓi abinsa. A fagen tattalin arziki ma'anar dabam ce: ana nufin ƙasashen da suka bar tsarin gurguzu, inda gwamnati ke da masana'antu tana kuma tsara abin da za a ƙera da farashinsa, suka koma tsarin kasuwa. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da na gabashin Turai suna ciki, haka ma Sin tun 1978 da Biyetnam tun 1986. Za mu kira su ƙasashe masu sauya tsari.

Kalma ta biyu ta fi wuya, ita ce institution. Masu fassara sun saba mayar da ita hukuma, ko ma'aikata, ko cibiya. Wannan daidai ne in ana maganar majalisar dokoki ko kotun tsarin mulki. Sai dai tun daga littafin da Douglass North ya fitar a 1990, wanda ya samu kyautar Nobel a 1993, masana tattalin arziki suna raba abu biyu: ƙa'idojin da ake bi, da ƙungiyoyin da ke aiki a ƙarƙashinsu. Filin kokawa ya isa misali. Ƴan kokawa da ƙungiyoyin jahohinsu suna gefe guda. A ɗaya gefen akwai sharuɗɗan da suka faɗi wane ne ya sha kaye, da alƙalin da ke tsayar da su, da tabbacin da kowa ke da shi cewa ba za a sauya su ana tsakiyar karawa ba. Wannan gefe na biyu shi North ke nufi. Saboda haka za mu ce hukuma in muna nufin ofis da ma'aikatansa, mu ce ƙa'ida in muna nufin sharaɗin da ake bi tare da hanyar tilasta shi. Ƙa'ida tana iya zama rubutacciya, kamar doka da yarjejeniya, tana kuma iya zama marar rubutu, kamar amana da sanayya.

Da inganci kuma muna nufin amsar tambayoyi uku da ɗan kasuwa ke yi wa kansa kafin ya zuba kuɗinsa: shin zan iya sanin ƙa'idar tun kafin in fara? Shin ita ce za a yi wa maƙwabcina, ko da yana da ɗan'uwa a fadar gwamna? In an cuce ni, akwai inda zan kai ƙara a saurare ni?

A ƙarshe, tun da kalmar rashawa, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta yi kama da sunan da ake kiran mutanen Rasha da shi, za mu riƙa cewa cin hanci domin kauce wa ruɗani.

3. Halin da jahohi suka samu kansu, 1991-1998

A zamanin Sobiyet, shugaban masana'anta ba ya buƙatar kotu domin a biya shi kuɗin kayansa. Ma'aikatar tsare-tsare ta Mosko, Gosplan, ita ke faɗa masa inda zai samo ƙarfe da inda zai kai abin da ya ƙera, in rikici ya tashi kuma minista ko jam'iyya su raba gardama. Da wannan tsari ya faɗi, sai ga buƙatar abubuwan da ba a taɓa ginawa ba: rajistar filaye da gidaje, bankin da ke tantance mai neman bashi, kotun da ke tilasta yarjejeniya tsakanin mutane biyu da ba su san juna ba.

An saki kasuwa kafin a samu waɗannan. A cikin 1992 kaɗai farashi ya ninka kusan sau 26, ajiyar mutane ta narke. Daga Oktoban 1992 aka raba wa kowane ɗan ƙasa takardar hannun jari mai darajar rubul 10,000, kuma kafin tsakiyar 1994 dubban kamfanoni sun fita daga hannun gwamnati, yawancinsu suka faɗa hannun shugabanninsu na da. Zuwa 1998 abin da ƙasar ke samarwa ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 in aka kwatanta da 1990, kuma wajen rabin cinikin masana'antu ya koma musayar kaya da kaya, babu kuɗi.

Gwamnatin tarayya ba ta da ƙarfin cike wannan giɓi. Tun a watan Agustan 1990, a birnin Kazan, Boris Yelsin ya gaya wa jahohi su ɗauki iyakar ƴancin da za su iya ɗauka. A Fabrairun 1994 Mosko ta ƙulla yarjejeniya ta musamman da Tataristan a kan haraji da man fetur, zuwa tsakiyar 1998 kuma an yi irin wannan fiye da 40. Daga 1996 kusan duk gwamnoni zaɓaɓɓu ne, suna kuma zama a majalisar dattawa ta tarayya. A hannunsu lasisi yake, da rabon filaye, da masu binciken shaguna, har ma da gidajen da alƙalai ke kwana. Sakamakon haka, dokar da aka rubuta a Mosko sai ta bi ta hannun gwamna kafin ta iso ga mai shago. Wannan ne ya mayar da Rasha wurin da ya dace da irin nazarin da muke yi, domin doka ɗaya ce, masu aiki da ita ne suka bambanta.

4. Hanyoyin da ƙa'ida ke bi ta taɓa arziki

4.1. Tsoron ƙwace

A 1996 Timothy Frye da Andrei Shleifer sun yi hira da masu ƙananan shaguna a Mosko da kuma Warso, babban birnin Polan. Sun tarar cewa yin rajistar shago a Mosko yakan ci kusan wata 3, a Warso kuwa bai kai wata 1 ba, kuma masu bincike na gwamnati suna zuwa shagon Mosko ninki biyu na yadda suke zuwa na Warso. Kowace ziyara dama ce ta neman na goro. A 1997 Simon Johnson da John McMillan da Christopher Woodruff sun faɗaɗa binciken zuwa sababbin masana'antu a ƙasashe biyar. A Rasha da Yukiren kusan kashi 90 cikin 100 na shugabannin kamfanoni sun ce ana biyan cin hanci kafin a samu aikin gwamnati, a Polan kuwa kimanin kashi 20. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, waɗanda ba su amince dukiyarsu tana da kariya ba sun fi ƙin mayar da ribarsu cikin sana'a, ko da kuɗin yana hannunsu. Watau matsalar farko tsoro ne, rashin bashin banki yana biye.

Waɗannan alƙaluma na ƙasa da ƙasa ne, amma haka abin ke aiki tsakanin jaha da jaha. Wanda ke tsoron a ƙwace masa yakan bar shagonsa ƙarami don kada a gan shi, ya ɓoye ribarsa, in ta yi yawa ya fitar da ita waje. Harajin jaha ya ragu, albashin ma'aikaci ya makara, ma'aikacin kuma ya ƙara matsa wa shagunan da suka rage. Inda kotu ta kasa, wasu sukan maye gurbinta. A Rashanci na shekarun 1990 kalmar krisha, wadda asalinta rufin ɗaki ne, ta koma nufin ƙungiyar da ɗan kasuwa ke biya ta tsare shi ta kuma karɓo masa bashi, ko ta ƴan daba ce, ko ta tsofaffin jami'an tsaro. Vadim Volkov ya nuna a littafinsa na 2002 cewa aikin kotu waɗannan ƙungiyoyi ke sayarwa, da tsada, kuma ga mai biya kaɗai.

4.2. Dokar da aka yi wa mutum guda

Hanya ta biyu ta shafi manyan kamfanoni. Irina Slinko da Evgeny Yakovlev da Ekaterina Zhuravskaya sun bi dokokin da jahohin Rasha suka kafa daga 1992 zuwa 2000, suna ƙirga waɗanda suka ambaci sunan wani kamfani suka ba shi sassaucin haraji, ko fili, ko bashi mai rahusa. Sakamakon da suka fitar a 2005 ya nuna cewa kamfanonin da aka fifita sun ƙaru, sauran na jahar sun ja baya, kuma inda alfarmar ta taru a hannun kamfanoni ƙalilan, ƙananan sana'o'i da kuɗin shigar jaha sun fi raguwa. Abin lura a nan shi ne, ba su ga tasiri bayyananne ga jimillar abin da jaha ke samarwa a waɗannan shekaru ba. Babban kamfani yana iya riƙe jimilla na wani lokaci alhali ana shaƙe ƙananan da za su gaje shi.

Dokar karyewar kamfani ta 1998 ta ƙara haske ga wannan. An rubuta ta bisa samfurin ƙasashen yamma domin mai bin bashi ya samu haƙƙinsa. Binciken Ariane Lambert-Mogiliansky da Konstantin Sonin da Zhuravskaya ya nuna cewa a jahohin da gwamna ke da ƙarfi kuma ba ya shiri da Mosko, alƙalai sun fi sa manyan kamfanoni a ƙarƙashin kulawar kotu, abin da ke dakatar da biyan bashi da harajin tarayya ba tare da an gyara kamfanin ba. Rubutun dokar bai da aibi, hannun da ya riƙe ta ne ya juya ta.

4.3. Rabon haraji

Hanya ta uku ta amsa wata tambaya: me zai sa magajin gari ya damu da bunƙasar kasuwar garinsa? Zhuravskaya, a nazarinta na 2000 a kan kasafin manyan biranen Rasha, ta gano cewa duk rubul ɗaya da birni ya ƙara samu daga harajinsa, jaha takan rage masa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rubul daga tallafin da take ba shi. Ke nan wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya kwanta abu ɗaya suke samu. A Sin, tsakanin 1980 da 1993, an yi akasin haka: lardi yakan yi yarjejeniya da Bejin a kan abin da zai miƙa, mafi yawan rarar kuma ta zama tasa. Shugabannin larduna da gundumomi suka shiga tseren jawo masana'antu, tun ma kafin ƙasar ta samu cikakkiyar dokar mallaka, wadda sai 2007 aka kafa ta. Wannan kwatanci ya nuna cewa halin ma'aikaci ba daga tarbiyyarsa kaɗai yake fitowa ba, ƙa'idar rabo tana da hannu a ciki.

5. Jahohi kafaɗa da kafaɗa

Nijni Novgorod da Ulyanovsk duk suna bakin kogin Volga, duk sun gaji masana'antar motoci da ta kayan soja. A Nijni, gwamna Boris Nemtsov, mai shekara 32 lokacin da aka naɗa shi a 1991, ya fara gwanjon ƙananan shaguna a bainar jama'a a watan Afrilun 1992, da taimakon reshen Bankin Duniya mai kula da kamfanoni masu zaman kansu. Kowa yana ganin wanda ya taya da abin da ya biya. A Ulyanovsk, mahaifar Lenin, gwamna Yuri Goryachev ya ci gaba da riƙe farashin abinci da raba takardun sayen kaya har tsakiyar shekarun 1990, tare da taƙaita fitar da amfanin gona daga jahar. Da farko talakan Ulyanovsk ya fi cin abinci da sauƙi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a 1992. Amma manoma da kasafin jaha ne suka ɗauki nauyin, masu jari suka kauce, bashi ya taru, Goryachev ya faɗi zaɓe a Disamban 2000. Ita ma Nijni ba ta zama abin al'ajabi ba, domin manyan masana'antun da ta gada sun ci gaba da ja mata baya. Gwanjo mai tsabta ya taimaki ƙananan sana'o'i, bai warkar da kamfanin motoci ba.

Kwatanci na biyu ya fi fito da ma'anar inganci, domin jahohin biyu duk sassaucin haraji suka bayar. Novgorod, wadda dabam take da Nijni Novgorod, tana tsakanin Mosko da San Petersburg, ba ta da mai, ba ta da gas. A ƙarƙashin gwamna Mikhail Prusak ta kafa doka a tsakiyar shekarun 1990 cewa duk wanda ya zuba jari a masana'anta an yafe masa harajin jaha har sai ya mayar da uwar kuɗinsa. Dokar ba ta ambaci sunan kowa ba. Kafin ƙarshen shekarun, kamfanin Cadbury na Ingila ya gina masana'antar cakulan a garin Cudovo, kamfanin Dandy na Danmak kuma ya gina ta cingam a birnin Novgorod. Kalmikiya, a kudu, ƙarƙashin Kirsan Ilyumjinov daga 1993, ita ma ta rage haraji, amma ga duk kamfanin da ya yi rajista a can ya biya wani kuɗi, ko da ba ya aikin komai a jahar. Dubban kamfanoni suka yi rajista a takarda domin guje wa harajin inda suke aiki. An gina unguwar wasan dara ta ƙasaita a Elista a 1998, jahar kuwa ta zauna cikin mafi talauci a ƙasar.

Primoriye, a gabas mai nisa, ta nuna cewa kyawon wuri bai isa ba. Tana da tashoshin ruwa na Vladivostok da Nahodka, a nan layin dogon da ya ratsa Sibiriya ya ƙare, Sin da Koriya da Japan kuma suna bakin ƙofarta. Amma shekarun gwamna Yevgeny Nazdratenko, daga 1993 zuwa 2001, sun wuce cikin rikici da magajin garin Vladivostok da gwamnatin tarayya, da rigingimun mallakar kamfanonin jiragen ruwa da na kamun kifi, da ɗaukewar wuta. Yankin ciniki marar haraji da aka ayyana a Nahodka tun 1990 bai haifar da abin da aka zata ba. A Fabrairun 2001, bayan an bar dubban mutane cikin tsananin sanyi babu abin ɗumama gidaje, gwamnan ya sauka.

6. Kaluga: ƙa'ida ce, ko mutum?

Bayan 2000 Mosko ta karɓe yawancin ikon da jahohi suka ɗauka. Vladimir Putin ya kafa manyan yankuna 7 masu sa ido a kan gwamnoni a watan Mayun 2000, ya fitar da gwamnoni daga majalisar dattawa, a 2004 kuma ya soke zaɓensu. An dawo da zaɓen a 2012, amma da sharuɗɗan tantance ƴan takara. Duk da haka bambanci tsakanin jahohi bai ɓace ba, kuma Kaluga ce misalin da aka fi ambata.

Kaluga ba ta kai kilomita 200 daga Mosko ba, amma haka ma Tula da Riyazan da Tver, don haka kusanci kaɗai bai bayyana abin da ya faru ba. Gwamna Anatoly Artamonov, wanda ya riƙe jahar daga 2000 zuwa 2020, ya tanadi filayen masana'antu da takardunsu a shirye, da hanya da wuta da ruwa, ya kuma kafa ofis guda da ke bi wa mai jari takardunsa. Volkswagen ya buɗe masana'anta a 2007, Samsung a 2008, Volvo a 2009, Peugeot-Citroën da Mitsubishi a 2010. Ita ma Ulyanovsk, wadda muka bari a baya a sashe na 5, ta bi wannan hanya a ƙarƙashin Sergei Morozov daga 2005, har kamfanin injuna na DMG Mori ya buɗe a can a 2015. Wannan ya nuna cewa jaha tana iya sauya matsayinta cikin shekara goma zuwa sha biyar.

Sai dai akwai wani abu da aka sha ba da labari game da Artamonov: yakan ba manyan masu jari lambar wayarsa ta hannu, su kira shi in an tsayar musu da wani abu. Ana faɗin wannan a matsayin yabo. In muka auna shi da tambayoyi uku na sashe na 2, sai mu ga cewa lambar wayar shaida ce ta rashin amincewa da teburin ma'aikaci da kotu. Mai Volkswagen yana da lambar, mai gyaran taya a bakin hanya ba shi da ita. Kariyar da ta rataya ga mutum guda tana aiki da sauri, amma iyakarta waɗanda ya sani da tsawon zamansa a kujera. Bugu da ƙari, binciken Ora John Reuter da Graeme Robertson na 2012 ya nuna cewa a zamanin naɗin gwamnoni, ƙuri'un da gwamna ya kawo wa jam'iyya mai mulki sun fi bunƙasar arzikin jaharsa tasiri wajen sake naɗa shi.

Iyakar ƙarshe ta bayyana a 2022. Bayan sojojin Rasha sun afka wa Yukiren a watan Fabrairu, aka kuma sa wa ƙasar takunkumi, Volkswagen ya dakatar da aiki a Kaluga a watan Maris, ya sayar da masana'antar ga wani kamfanin Rasha a watan Mayun 2023. Jahohin da suka fi ƙoƙarin jawo jarin waje su ne suka fi jin raɗaɗin ficewarsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka nemi shawararta.

7. Inda ya kamata a yi hattara

Akwai abubuwa uku da ɗalibi zai kiyaye kafin ya ce ƙa'ida ce ta haifar da arziki. Na farko, albarkatun ƙasa. Jahohin da suka fi kuɗin shiga ga kowane mutum a Rasha, ban da Mosko, galibinsu na mai da gas ne, kamar yankunan Tiyumen da tsibirin Sahalin. Kamfanin mai yakan je inda mai yake ko yaya kotun wurin take. Saboda haka ingancin ƙa'ida ya fi bayyana a yawan ƙananan sana'o'i da masana'antun da ke iya zaɓen wuri, fiye da jimillar arzikin jaha.

Na biyu, wane ne ya haifi wani? Jaha mai arziki tana iya biyan alƙalai da ma'aikata da kyau, ƴan kasuwarta kuma suna da ƙarfin neman a gyara. Don haka ganin arziki da inganci tare bai nuna wanda ya riga ba. Wannan ne ya sa muka dogara ga jahohin da suka fara daga matsayi mai kama da juna.

Na uku, tarihi. Ana yawan cewa halin mulki gado ne da ba ya sauyawa. Polan ta ba da damar gwada wannan, domin daga 1795 zuwa 1918 tana rabe tsakanin daulolin Rasha da Purusiya da Ostiriya. Irena Grosfeld da Zhuravskaya sun duba garuruwan da ke gefe da gefe na tsofaffin iyakokin, suka nuna a 2015 cewa bambancin riƙon addini, da ra'ayi game da dimokuraɗiyya, da yawan layin dogo yana nan, amma bambancin kuɗin shiga da cin hanci da amincewa da hukuma ya shafe. Gado yana da nauyi, sai dai ɓangarensa da ya fi shafar ɗan kasuwa yana cikin waɗanda ke sauyawa.

8. Kammalawa

Misalin Rasha ya nuna mana cewa sakin farashi da sayar da kamfanoni aikin watanni ne, alhali samun rajistar da aka yarda da ita da alƙalin da ba ya jiran wayar gwamna aikin shekaru ne, kuma a tsakanin waɗannan lokuta biyu ne jahohi suka rarrabu. Waɗanda suka yi ƙa'ida ga kowa, kamar Novgorod, sun samu masana'antu. Waɗanda suka sayar da alfarma, kamar Kalmikiya, sun samu takardu. Kaluga ta yi nisa da taimakon mutum guda, sannan shawarar da aka yanke a Mosko ta tsayar da ita.

Nijar ba ta cikin ƙasashe masu sauya tsari a ma'anar da muka bayar, kuma ba mu nufin a ɗora mata sakamakon Rasha kai tsaye. Abin da ya shafe mu a wannan sashe na jami'a shi ne fassara. Takardun raya ƙasa da na rarraba iko ga jahohi da ƙananan hukumomi cike suke da renforcement des institutions, mu kuma mun saba cewa ƙarfafa hukumomi. Mai sauraro ya ji haka, abin da zai gani a ransa gini ne, da mota, da ƙarin ma'aikata. Primoriye ba ta rasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shawararmu ga masu fassara da ɗalibanmu ita ce, duk inda kalmar ta fito a rubutun tattalin arziki, a tsaya a duba ko ofis ake nufi ko sharaɗi. In sharaɗi ne, a ce ƙa'ida, a kuma ƙara kalmar da ke nuna aiki da ita, kamar tsayar da ƙa'ida ko bin ƙa'ida, domin mai karatu ya san abin da zai nema in ya je gaban teburin ma'aikaci. Muna fatan abokan aikinmu na sashen tattalin arziki da na shari'a za su auna waɗannan kalmomi da nasu rubuce-rubucen, su nuna mana inda suka yi daidai da inda suke buƙatar gyara.